Ƙofar Shiga da Ƙofar Fita: Daga Ina Boko Haram Ke Samun Mayaƙa?

Duk mai sauraren rediyo ya saba da irin sanarwar nan: sojoji sun kashe 'yan ta'adda kaza a dajin Sambisa, jiragen yaƙi sun ragargaza maɓoyarsu a tsibiran Tafkin Chadi. Shekara goma sha biyar da ɗoriya ke nan muna jin ta. Da a ce kisan mayaƙa kaɗai ke ƙarar da ƙungiya, da tuni an manta da wannan fitina. Amma a watan Afrilun 2025 gwamnan Borno da kansa, Babagana Umara Zulum, ya fito ya yi kukan cewa nasarar da aka samu tana neman suɓucewa, kuma ba a yi nisa ba mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka far wa sansanin soja na Marte da na wasu garuruwa. Tambayar da ta kamata ta dame mu ita ce, su wa ke maye gurbin waɗanda ake kashewa, kuma ta wace hanya suke shiga?

Amsar ba ɗaya ba ce, domin hanyar da ƙungiyar ke bi ta samu mutane ta sauya aƙalla sau huɗu tun kafuwarta. Kuskuren da hukumomi suka daɗe suna yi shi ne ɗaukar kowane ɗan ƙungiya a matsayin mutum iri ɗaya, wanda magani ɗaya zai yi masa.

A zamanin Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar na farko, wa'azi ne ke kawo mutane. Yana da Markaz ɗinsa mai suna Ibn Taimiyya a unguwar Railway a Maiduguri, yana da baki, yana magana da Hausa da Kanuri yadda talaka zai gane, kaset ɗinsa na yawo kasuwa-kasuwa. Ya zo a daidai lokacin da mutane suka sa rai da shari'ar da jihohin Arewa suka ƙaddamar daga shekarar 2000, sannan suka ga ɓarawon akuya ake hukuntawa, mai satar dukiyar jama'a yana yawo da jiniya. Sai ya ce musu laifin na tsarin ne gaba ɗaya, gwamnati ɗagutu ce, aikinta haramun ne, makarantar da ke horar da ma'aikatanta ma haka. Yana da kyau a gyara wata fahimta a nan. Mutane da yawa sun ɗora laifin a kan almajirai da tsangaya, alhali cikin mabiyan farko akwai 'yan kasuwa, da ma'aikata, da ɗaliban jami'a waɗanda suka yayyaga takardun shaidarsu da hannunsu. Buji Foi, ɗaya daga cikinsu, kwamishinan harkokin addini ne a gwamnatin Borno kafin ya ajiye aiki. Kuma ba wa'azi kaɗai Markaz ke bayarwa ba. Ana ba saurayi jari, ko babur ya yi acaɓa, a ciyar da marar hali, a yi wa tuzuru aure cikin sauƙi ba tare da lefe da ɗawainiyar da ta gagare shi ba. Yaron da ya baro ƙauye ya zo birni ba shi da kowa, sai ya wayi gari yana da 'yan'uwa, da malami, da mata, da abin da yake ganin ya isa a rayu a mutu dominsa.

A wancan lokacin faɗan na hujja ne, kuma malamai sun yi shi. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda Yusuf ya taɓa zama kusa da shi, ya fito fili ya warware shubuhohinsa kafin a harbe shi yana limancin sallar asuba a Ɗorayi a Kano a watan Afrilun 2007. Isa Ali Pantami ya zauna muƙabala da Yusuf a Bauchi a 2006. Sheikh Auwal Albani na Zariya ya yi ta gargaɗi har aka kashe shi da matarsa da ɗansa a Fabrairun 2014, Abubakar Shekau, wanda ya gaji Yusuf a shugabancin ƙungiyar, kuma ya fito ya ce su ne. Allah kaɗai Ya san yawan samarin da waɗannan karatuttuka suka dawo da su daga bakin rami.

Sai aka shiga 2009. A watan Yuni jami'an rundunar Operation Flush suka buɗe wuta a kan 'yan Yusufiyya da ke kan hanyar maƙabarta, a kan rigimar hular kwano ta masu babur. A ƙarshen Yuli rikici ya ɓarke daga Bauchi ya watsu zuwa Maiduguri da Potiskum da Wudil, ɗaruruwan mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki. Sojoji suka kama Yusuf da ransa suka miƙa wa 'yan sanda, aka kashe shi a hannunsu ranar 30 ga Yuli ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Aka kashe Buji Foi. Aka kashe surukin Yusuf, dattijo Baba Fugu, wanda ya kai kansa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. Daga baya kotu ta ce a biya iyalansa diyyar naira miliyan 100, aka biya a 2012. 'Yan sanda biyar da aka gurfanar kan kisan Yusuf kuwa an sallame su a 2015. Ba wanda ke wanke Yusuf, shi ya ɗauki makami ya jefa mabiyansa cikin halaka. Amma hotunan bidiyon gawarsa, da na mutanen da aka kwantar a bakin titi aka harbe, sun zama kayan wa'azi mafi ƙarfi da Abubakar Shekau ya samu lokacin da ya bayyana a 2010. Daga nan ramuwa ta zama ƙofar shiga ta biyu.

Kuma hukumomi suka yi ta faɗaɗa wannan ƙofa da hannunsu. Idan bam ya tashi a unguwa, sai a zagaye ta a kwashe duk wani saurayi da aka gani. Barikin soja na Giwa da ke Maiduguri ya zama wurin da uwa ba ta son jin an kai ɗanta. A rahotonta na watan Yunin 2015, ƙungiyar Amnesty ta ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso da azabtarwa. Rundunar soja ta musanta. Amma mutanen Maiduguri ba sa buƙatar rahoto kafin su san abin da idonsu ya gani. Lokacin da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattauna da ɗaruruwan tsofaffin 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, ta fitar da sakamako a 2017, kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. A cikin binciken nan dai, fiye da rabinsu sun amsa cewa ba su fahimci littattafan addininsu sosai ba. Wannan ya isa ya sa mai tunani ya tsaya. Ilimin addini mai zurfi garkuwa ne, jahiltarsa ce ke barin yaro a buɗe, zalunci kuma shi ke tura shi. Hatta satar mata tana da alaƙa da wannan ɗauki-ba-daɗi: a 2012 jami'an tsaro suka tsare matan shugabannin ƙungiyar da 'ya'yansu, Shekau ya yi barazanar ramawa, a 2013 ya fara.

A 2013 ɗin ne kuma samarin Maiduguri suka gaji. Suka ɗauki gora da adda suka shiga lungu-lungu suna zaƙulo 'yan ƙungiyar, domin su sun san ɗan gidan wane ne, abin da sojan da aka kawo daga nesa ba zai taɓa sani ba. 'Yan gora sun ceci birnin, wannan ba a musu. Shi ne darasi mafi girma a duk tsawon yaƙin nan, cewa ranar da jama'a suka juya wa ƙungiyar baya ta kasa zama cikinsu. Amma abin ya zo da farashi. Ƙungiyar ta koma daji da duwatsun Gwoza, ta ɗauki duk garin da ke da 'yan gora a matsayin garin abokan gaba, ta shiga yanka mutane ba ji ba gani. Da masu shiga don ra'ayin kansu suka yi ƙaranci, sai ta koma tilas.

Wannan ce ƙofa ta uku, kuma ita ta fi cika daji da mutane. Duniya ta san 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014. Kaɗan ne suka san yaran makarantar firamare ta Damasak, kimanin 300, da aka tafi da su ba a yi wata hayaniya a kansu ba. Lokacin da Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannunsu a 2014, zaɓin da ake ba namiji mai ƙarfi a jika shi ne ya bi ko a yanka shi. Mata aka aurar da su dole. Yara aka ɗaura musu bam: Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga yara 83 da aka yi amfani da su haka daga Janairu zuwa Agustan 2017, 55 daga cikinsu mata ne. A yi lissafi da kyau. Yaron da aka sace yana ɗan shekara goma a 2014, yau ya haura ashirin, wataƙila yana da mata da 'ya'ya a daji. Bai san wata rayuwa ba. Bai taɓa jin wa'azin Muhammad Yusuf ya auna shi ya zaɓa ba. Akwai kuma waɗanda a can aka haife su, ba su taɓa ganin aji ko asibitin gwamnati ba, abin da suka sani game da Nijeriya shi ne ƙarar jirgin da ke jefa bam. Ƙungiyar yanzu tana haifar mayaƙanta.

Tsakanin yarda da tilas kuma akwai fili mai faɗi, inda mafi yawan mutane suke. Ƙungiyar agaji ta Mercy Corps ta zanta da tsofaffin 'yan Boko Haram ta wallafa a 2016, ta gano yadda ake kama ƙananan 'yan kasuwa da bashi. A ba mahauci ko mai shago jari cikin fara'a, in ya kasa biya, ko ma ya biya, a ce yanzu kai namu ne, fara kawo mana mai da magani da labari. Wani abokinsa ne ya ja shi, wani yayansa, wata mijinta ta bi. A Turai ana yawan maganar yadda ake yaudarar matasa ta intanet, kuma gaskiya a nan ma sun fara leƙowa a TikTok da sauran dandali. Amma a yankin Tafkin Chadi har gobe fuskar da aka sani ce ke jan mutum.

Ƙofa ta huɗu ta buɗe da rabuwar 2016. Bayan Shekau ya yi mubaya'a ga ƙungiyar IS a watan Maris na 2015, sai Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, da Mamman Nur suka ɓalle, suna zarginsa da kafirta talakawan Musulmi da tayar da bam a masallatai da kasuwanni. Ɓangarensu, ISWAP, ya zo da wata dabara. Suka ce wa manomi da masunci da makiyayi, zo ka yi sana'arka, ba za mu taɓa ka ba, ka dai biya haraji. Suka haƙa rijiyoyi, suna raba rigima tsakanin mutane, suna hukunta ɓarayin shanu. Kada a ruɗu, rahamarsu ta kasuwanci ce. Su ne suka kashe ma'aikatan jinya Saifura Khorsa da Hauwa Liman a 2018, su ne suka riƙe Leah Sharibu bayan sun saki sauran 'yan matan Dapchi, kuma duk wanda suka zarga da kai wa soja labari ba ya kwana. Mamman Nur kansa a hannunsu ya mutu. Amma a dubi abin da gwamnatoci ke yi a daidai lokacin. Don a toshe wa ƙungiyar kuɗi, an hana cinikin kifin Baga, an rufe kasuwannin kan iyaka, an hana hawa babur, an taƙaita takin zamani. A Diffa ta Jamhuriyar Nijar an hana fataucin tattasai da kifi a 2015, aka kuma kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin cikin gaggawa bayan harin da aka kai tsibirin Karamga. Niyyar mai kyau ce, amma magidanci mai baki goma a gida sai ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki: ya zauna a sansanin gudun hijira yana jiran kwanon masara, ko ya koma bakin ruwa ya biya haraji ya kama kifi. Da yawa sun koma. Shi ya je neman abinci, ɗansa kuma ya tashi yana ganin masu bindiga su ne hukuma. Sannan a 2019 soja ya tattara dakarunsa a manyan sansanoni a cikin garuruwa bayan asarar da aka yi a wurare irin su Metele. Hakan ya rage mutuwar sojoji, amma ya bar ƙauyuka a hannun wanda ya rage a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba ina raina aikin soja ba ne. Ba don shi ba da ba a ƙwato Gwoza da Bama a 2015 ba, tare da taimakon dakarun Chadi da Nijar da Kamaru, kuma ba wanda ya isa ya manta da irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da ya rasu a Malam Fatori a 2016, ko sojojin Chadi kusan ɗari da aka kashe a Bohoma a 2020. Mai bindiga da ya zo yanka mutane, bindiga ce ke tsayar da shi. Amma ƙarfin soja yana rage waɗanda ke ciki ne kawai, kuma duk lokacin da ya kuskure, kamar bam ɗin da jirgin sama ya jefa a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, yana ƙara masu shiga. Ita ma rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin Tafkin Chadi mai hedikwata a Njamena siyasa ta raunana ta, har Nijar ta sanar da ficewa a watan Maris na 2025, alhali su mayaƙan ba su san iyaka ba.

Saura ƙofar fita, wadda ita ce ta fi tayar da jijiyar wuya. A 2016 gwamnatin tarayya ta kafa shirin Safe Corridor, da sansani a Malam Sidi a jihar Gombe, inda ake ajiye tubabbu wata da watanni ana yi musu nasiha, ana koya musu sana'a, su yi rantsuwa kafin a sallame su. Nijar ta buɗe irinsa a Gudumariya, Kamaru a Meri. Amma babbar fitowa ta zo ne bayan mutuwar Shekau a watan Mayun 2021, lokacin da ISWAP ta mamaye Sambisa. Mutane suka yi ta kwararowa, hukumomi suka ce sun haura dubu ɗari, sansanin alhazai na Maiduguri ya cika. Mafi yawansu mata ne da yara da manoman da suka maƙale a yankunan ƙungiyar, waɗanda su 'yan dajin ke kira awam. Mayaƙa na gaske kaɗan ne a cikinsu. Abin lura shi ne, ba wa'azin gwamnati ne ya fito da su ba. Yunwa ce, da gajiya, da faɗan cikin gida, da labarin da ya isa daji cewa wanda ya fito ba a kashe shi.

Na fahimci fushin waɗanda ke adawa da shirin, kuma ba na ganin laifinsu. Matar da aka yanka mijinta a gabanta tana zaune a tanti shekara goma, sai ta ga an ba wanda ya fito daga daji keken ɗinki da kuɗin jari. Sanata Ali Ndume, wanda mahaifarsa Gwoza ta sha wuyar nan, ya sha sukar shirin a kan haka. Iyalan manoman shinkafa aƙalla 43 na Zabarmari da aka yanka a Nuwamban 2020 suna da haƙƙin su tambaya ina adalci. Duk da haka, ra'ayina shi ne rufe ƙofar fita kyauta ce ga ƙungiyar. Mayaƙin da ya tabbata mutuwa ke jiransa a gari zai yi faɗa har numfashinsa na ƙarshe, kuma amiransa kullum abin da suke gaya masa ke nan. Kowane tubabben da ya kira abokinsa a waya ya ce ina raye, ina cin abinci, ya yi wa ƙungiyar ɓarnar da harsashi bai yi ba. Inda shirin ya gaza shi ne wajen tantancewa da adalci. Ba daidai ba ne a haɗa yaron da aka sace da kwamandan da ya ba da umarnin ƙone gari a yi musu hukunci ɗaya, ko afuwa ɗaya. Shari'ar waɗanda ake zargi 'yan Boko Haram ne da aka fara a barikin Kainji a watan Oktoban 2017 ta nuna girman matsalar: a zaman farko an ɗaure 45, an sallami 468, wasunsu bayan shekaru a tsare ba tare da hujja ba. Marasa laifi sun daɗe a kulle, manyan masu laifi kuma ba a cika ganinsu gaban alƙali a bainar jama'a ba. Muddin wanda aka zalunta bai samu ko da kwatankwacin abin da tubabbe ya samu ba, unguwa ba za ta karɓe shi ba, ba za a ba shi aure ba, ba za a sayi kayansa ba. Wanda gari ya ƙi kuwa ya san hanyar komawa.

Dalilin da ya sa wannan magana ta wuce Borno shi ne, irin matakan nan sun fara bayyana a Arewa maso Yamma. A yankin Birnin Gwari 'yan Ansaru, ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram, sun shiga ƙauyuka da sunan kare mutane daga 'yan bindiga, suna wa'azi, suna rabon kyauta, suna auren 'yan gari. A Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato, mutanen da aka fi sani da Lakurawa sun fara zuwa ne a matsayin masu taimako, lokacin da ɓarayin shanu suka addabi jama'a kuma ba wata hukuma da ta kawo ɗauki. Daga baya suka koma karɓar zakka da ƙarfi, suna dukan samari kan aski da kiɗa, suna jan wasu da kuɗi. Nan kuwa ga samari marasa aikin yi da yawa, ga makamai a ko'ina, ga kuma raunin kisan da jirgin soja ya yi wa 'yan Mauludi na Tudun Biri a Disambar 2023 bai warke ba. Hedikwatar tsaro ta sanar da ɓullar Lakurawa a watan Nuwamban 2024 a matsayin sabuwar ƙungiya, kotu ta ayyana su 'yan ta'adda a farkon 2025. Mutanen Tangaza kuwa sun kai shekara shida suna zaune da su kafin wannan sanarwa.